Jan Layin Malam Husaini

A shekarar da dala ta haura naira goma, kwana tara da ƙaramar Salla, Inna Asabe ta kira ɗanta Hamisu ɗakinta a Unguwar Shanu, ta sa ya turo ƙofa, sannan ta zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin katifa. Naira dubu biyar da ɗari ɗaya ce a ciki, kuɗin injin markaɗenta da ta sayar wa wani mutumin Kawo. Kujerar Makka kam ta riga ta biya tun kafin azumi, da kuɗin gonar da ta gada a Malumfashi. Saura ƙarin guzuri. Maƙwabciyarta Hajiya Yalwa, wadda ta sauke farali bara, ta gaya mata cewa abin da ake ba alhaji a hukumance ba ya isa, sai mutum ya riƙe dala ɗari biyar tasa ta kansa saboda hadaya da mota da abinci da 'yar tsaraba.

Ta ce ya kai wa Alhaji Sanda ɗan canji a ranar, kada ya tsaya ko'ina. Ta riga ta tambaya, dala naira goma da sule biyu ce, kuɗin kuwa ya yi daidai da ɗari biyar, ba ragi ba ƙari.

Hamisu ya ce to, ya cusa ledar a cikin wando ya fita.

Shi Hamisu a lokacin shekararsa ashirin da biyu. Aji uku na sakandare ya bar makaranta, ba don an kore shi ba, zaman ne ya gagare shi. Ya yi karen mota a tashar Kawo, ya yi tallan kaset, ya koyi facin taya na wata biyu ya gudu. Wata huɗu ke nan yana rabe a gindin wata babbar darbejiya a bakin wani otal, inda 'yan canji ke baza bencinansu, yana taro masu ciniki ana ba shi la'ada. A karo na farko ya ji ya ga sana'ar da ta yi masa. Abin da ba shi da shi jari ne, ko na sisin kwabo.

Da ya isa gindin darbejiya, Alhaji Sanda ya tafi sallar la'asar. Wanda ya tarar a ƙarshen benci shi ne Malam Husaini.

Malam Husaini tsohon akawun banki ne da aka sallama lokacin rage ma'aikata. Bai fi kowa jari a wurin ba, amma ya fi kowa takarda. Kullum da yamma sai ya fiddo wata faffaɗar takarda mai gida-gida irin ta 'yan makaranta, kowane gida kwana guda, ya ɗiga farashin ranar. Daga nan sai ya haɗa farashin kwana biyar na baya ya raba biyar, ya ja layi da jan biro. Ya haɗa na kwana ashirin ya raba ashirin, ya ja da shuɗi. Sauran 'yan canji Manaja suke ce masa, ba kuma don girmamawa ba.

Hamisu ya zauna kusa da shi, bakinsa ya kasa riƙe maganar, ya faɗa masa abin da ke cikin wandonsa. Malam Husaini ya gyara gilashi ya shimfiɗa takardar a kan cinya. Ya nuna masa cewa jan layi yana ƙarƙashin shuɗi, kansa kuma a sunkuye, alamar dala tana sauka ke nan. Mai hankali ba ya saye sai ja ya ɗago ya yanke shuɗi. Wannan alama ta ɗaya. Sai ya zaro tsofaffin takardu biyu daga jaka, ta bara da ta bara waccan. A ta bara waccan dala ta taɓa ƙasa ran sha shida ga Yuni, sannan ta tashi. A ta bara ta taɓa ƙasa ran biyar ga Yuni. Ke nan, in ji shi, tsakanin biyar da sha shida ga Yuni ake samun araha, yau kuwa sha biyar ga Mayu.

"Ka yi haƙurin mako uku," ya ce, "za ka saya a tara da sule bakwai. Hajiya ta sami ɗari biyar ɗinta cif, kai kuma naira ɗari biyu da hamsin ta rage a hannunka. Haram ce?"

Hamisu ya ƙura wa takardar ido. Lissafi yake yi a zuci. Da ɗari biyu da hamsin mutum zai iya fara juya sefa da riyal a ƙarshen benci, a daina aikensa sayen goro.

Ana haka Alhaji Sanda ya dawo yana jan carbi. Tsoho ne Bakatsine, siriri, mai jan gemu na lalle, shekara talatin yana canji tun ana kashe fam da sulai. Bai taɓa rubuta farashi ba. Ya dubi takardar ya yi dariya, ya tambayi Manaja ko yau ma duba ake yi wa dala, ko an gano mata mijin aure. Malam Husaini ya ce ai ilimi ne, a Landan ma haka ake yi. Alhaji Sanda ya ce a Landan ba su da tashar Kawo.

Nasa alamun daban ne, kowa a wurin ya san su. Kullum da hantsi wani direban Kano mai suna Bawa yakan tsaya da motarsa ya leƙo, ya faɗa masa yadda aka tashi a kasuwar canji ta Kano. In Kano ta ɗara Kaduna ko da sule guda, Alhaji ba ya sakin dala. Ta biyun kuma mutane yake kallo. In ya ga 'yan kwat da jakunkuna sun fi yawa, ya san dala za ta shigo. In ya fara ganin tsofaffi da kuɗi ɗaure a gefen zane suna tambayar ina ne wurin canji, ya san fita za ta yi, ba kuma za ta dawo da wuri ba.

Ya juyo ya tambayi Hamisu ko gyatumarsa ta aiko shi, don ta yi masa maganar guzuri. Hamisu ya ji bakinsa ya ce a'a, tukuna, kuɗin bai haɗu ba.

Da ya koma gida Inna ta tare shi da tambaya. Ya ce mata an canza, amma ya bar wa Alhaji Sanda ajiya saboda ɓarayin unguwa, sai tafiya ta matso. Ta ce hakan ma tunani ne, Allah ya yi masa albarka. Albarkar nan ta hana shi cinye tuwonsa.

Tun daga ranar ledar ba ta rabu da jikinsa ba. Da igiya ya ɗaure ta a ƙugu, har fatar wurin ta yi ja. In ya shiga bas sai ya zauna ta jikin taga ya dafe ciki kamar mai murɗa. In zai yi wanka sai ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa inda idonsa ke kai. Ya daina zuwa kallon ƙwallo, ya daina zaman mai shayi. Abokansa suka ce ko aure zai yi.

Kwanakin farko takarda ta yi gaskiya. Dala ta sauko goma da sule ɗaya. Ran Alhamis, ashirin da biyar ga Mayu, ta taɓa naira goma cif. Hamisu ya tsaya a bayan Malam Husaini yana kallon jan biro yana gangarawa. In ya saya yanzu, naira ɗari ta zama tasa. Ya faɗa a hankali. Malam Husaini ya ce kada ya yi gaggawa, ko Yuni ba a shiga ba, wanda ya tsinki ɗanye shi ya so.

A ranar ce kuma Hamisu ya ga abin da ya dame shi. Bawa direba ya tsaya, ya raɗa wa Alhaji Sanda magana, Alhaji ya gyaɗa kai, ya mayar da damin dalar da ke hannunsa cikin aljihun 'yar ciki ya maɓalle. Wani ɗan canji ya zo neman ɗari biyu, ya ce masa babu. Can da azahar wasu tsofaffi biyu suka sauka daga motar Birnin Gwari, mace da namiji, suna tambayar mai rake ina masu kuɗin Makka suke.

Hamisu ya koma ya gaya wa Malam Husaini. Shi kuwa ya ce mutum biyu ba kasuwa ba ne, lissafi ba ya kallon zanen tsohuwa.

Ran Juma'a dala ta koma goma da sule ɗaya. Ran Asabar goma da sule uku. Malam Husaini ya ce tari ne kawai ta yi, ya nuna masa jan layi har yanzu bai kai shuɗi ba. Gaskiya ne, bai kai ba, don kwanakin araha suna cikin lissafinsa suna danne shi. Amma goma da sule uku ta riga ta wuce abin da ke cikin leda. Hamisu ya lissafa a tafin hannu da biro: ko yanzu ya saya, dala biyar ta yi ciwon kai. Ya ce a ransa gobe za ta sauko ya cike. Ran Lahadi aka wuni ana ruwa, bai fita ba, ya zauna a zaure yana kallon kwata tana ambaliya, yana taɓa ƙugu.

Ran Litinin da safe yana shan koko a tsakar gida, Hajiya Yalwa ta shigo da wani ƙyallen atamfa. Lalita za ta koya wa Inna ɗinkawa, irin wadda ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin kaya, don a cunkoson ɗawafi ba a riƙe jaka. Suka zauna a tabarma suna aunawa. Hajiya Yalwa ta ce Inna ta yi dabara da ta canza da wuri. Ita bara Alhajinta sai da aka kwana ashirin da Salla ya sayo mata, aka ce masa da ya ƙara kwana uku da ya sha mamaki, don daga nan alhazan ƙauye suke cika gari, kowa da kuɗin shanunsa. Haka ake yi duk shekara, in ji ta, da an ci kwana ashirin na ƙaramar Salla.

Inna ta ce yau kuwa ashirin da uku. Ta ɗago ta dubi Hamisu.

"Ka karɓo mini su yau. So nake in auna lalitar a kansu, kada in ɗinka ta yi kaɗan."

Ya ajiye kofin da sauran koko a ciki. Bai nufi gindin darbejiya ba, Unguwar Dosa ya nufa, gidan da Malam Husaini ke haya, rabi tafiya rabi gudu, taɓo na fallatsa masa a wando. Ya same shi yana wanke baki a ƙofar ɗaki. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce a fiddo masa takardun nan uku.

Suka shimfiɗa su a kan tabarma. Hamisu ya tuna cewa a kowace takarda akwai wurin da layi ya katse, gida biyu ba ɗigo, don ranar Salla da washegari ba a fita kasuwa. Ya nemo giɓin a ta bara waccan, ya ɗora yatsa, ya ƙirga gidaje har inda dala ta taɓa ƙasa. Ashirin, har da ɗan ɗoriya ko ragi na kwana guda. Ya koma ta bara. Ashirin. Sai ya jawo ta bana, ya ƙirga daga giɓin Salla. Yatsan ya sauka a kan Alhamis ɗin da ta wuce, inda aka ɗiga naira goma cif.

Malam Husaini ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake ƙirgawa da kansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a banki, inda wata ke ƙarewa ran talatin ko talatin da ɗaya, ana biyan albashi. Da kalandar bango ya ja takardunsa, ya manta cewa alhazai da watan sama suke tafiya, shi kuwa kowace shekara kwana goma sha ɗaya yake matsowa gaba. Sha shida ga Yuni, biyar ga Yuni, ashirin da biyar ga Mayu. Abin yana rubuce da hannunsa shekara biyu, bai gani ba.

Malam Husaini ya ajiye takardar. Daga baya ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai jan layin bai yi ƙarya ba, jiya da yamma ya leƙa kasuwa bayan ruwa ya ɗauke, ya ɗiga, ja ya yanke shuɗi. Hamisu ya tambaye shi a nawa. Ya ce goma da sule shida.

"Wato sai da ta gama hawa layinka ya ce a saya."

"Haka yake aiki. Tabbatarwa yake yi, ba duba ba."

"Malam, kai nawa ka ajiye kana jiran Yuni?"

Malam Husaini ya kawar da kai. Ashe shi bai ajiye ko kwabo ba, ɗan jarinsa kullum a juye yake. Da kuɗin Inna Asabe aka gwada takarda.

Hamisu ya fito ya tari bas. A hanya bas ɗin ya tsaya ɗaukar fasinja sau bakwai, ya ƙirga. Kowace tsayawa sai ya ji kamar an ƙara sule. Da ya sauka ya hango gindin darbejiya cike da mutane. Wurin da aka saba ganin mutum goma yau ya fi hamsin. Tsofaffi ne zaune a ƙasa a kan buhuna, mata da lulluɓi suna kwance gefen zane, wani dattijo da sandar kiwo yana ƙirga 'yan naira ashirin-ashirin yana lasar yatsa. Ya ji wani ɗan canji yana cewa goma da sule tara, wanda bai so ba ya matsa.

Ya kutsa har gaban Alhaji Sanda ya durƙusa. Tsohon ya dube shi, ya dubi hannun da ya dafe ƙugu, ya dubi taɓon wandonsa.

"Ɗan Asabe, kuɗin ya haɗu ke nan? Ko Manaja ne bai sa hannu ba sai yau?"

Hamisu ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, duka, har da ƙaryar ajiya da ya jingina masa. Alhaji Sanda bai ɗaga murya ba. Ya ce tun ranar farko ya gane, don mai la'ada ba ya tafiya kamar mace mai ciki. Ya yi shiru ne yana jiran ya ga ranar da yaro zai tambaye shi, yaro kuwa bai tambaya ba, ya fi son mai biro biyu. Ya ce shi ma alamunsa ba wahayi ba ne, akwai shekarar da Bawa ya kawo masa labarin Kano ya riƙe dala, gwamnati ta yi sanarwa a rediyo, ya kwana uku ba ya iya cin abinci. Amma da kuɗinsa ya yi, ba da na hadayar uwarsa ba.

Sannan ya ce saboda Asabe zai ba shi a goma da sule takwas, abin da shi ma zai saya in ya nema yanzu.

Hamisu ya buɗe baki, ya ji wata murya a cikinsa tana cewa ya jira la'asar, wataƙila in taron ya ragu ta ɗan sauko. Har ya juya ya dubi titi. Wata motar Zariya ce ke tsayawa, tsofaffi na saukowa ɗaya bayan ɗaya, ana miƙo musu buta da tabarma. Ya sa hannu ya kwance igiyar. Ledar ta jiƙe da gumi, kuɗin sun yi laushi.

Alhaji Sanda ya ƙirga, ya miƙo masa dala ɗari huɗu da saba'in da biyu, da canjin naira biyu da sule huɗu. Ya ce ya gaida Hajiya, ya kuma gaya mata da bakinsa, kafin ta ji a bakin wani.

A ƙafa ya koma Unguwar Shanu. Ya bi ta gaban mai gyaran rediyo ya tambayi nawa za a sayi tsohuwar rediyonsa, aka ce naira arba'in, ko dala huɗu ba ta kai ba. Ya tsaya a ƙofar gida har ladan ya kira azahar, ya je ya yi salla, ya dawo ya sake tsayawa. Daga ƙarshe ya yi sallama.

Inna tana kan tabarma ita kaɗai, lalitar a cinyarta, saura baki ɗaya ba a ɗinke ba. Ya durƙusa nesa da ita kaɗan, ya ajiye kuɗin a gabanta, ya fara magana. Bai ɓoye ɗari biyu da hamsin ɗin da ya yi kwaɗayi ba. Tana ji, ba ta katse shi ba, ba ta kuma dube shi ba. Da ya gama sai ta tambayi nawa ne babu. Ya ce ashirin da takwas.

Ta sa ya nuna mata kowace takarda da ƙimarta, don ba ta san su ba. Ta fara kasawa a kan tabarma yadda Hajiya Yalwa ta lissafa mata. Na hadaya ta ware shi gefe guda ta danne da almakashi, ta ce wannan ba a taɓa shi. Na mota. Na abinci, ta rage kaɗan, ta ce ba ta da ci da yawa, za ta ƙara garin kunu da ƙuli-ƙuli a kaya. Da ta zo kan tsaraba sai ta tsaya, ta riƙe 'yar takardar ashirin tana juya ta.

"Wannan da na agogonka ne," ta ce. "Mai baƙin fuska, irin wanda Yalwa ta sayo wa ɗanta Idris. Na ga kana kallonsa ran suna."

Ta ɗauke ta ta ɗora a kan na abinci.

Hamisu ya ce zai nemo cikon kafin jirgi ya tashi, ko dako ne zai yi a Kawo. Ta ce ya nema ɗin, in ya samu ya kawo mata naira, ita za ta kai wa Alhaji Sanda da ƙafarta. Maganar ta fi mari zafi, ya kuwa san ya cancanta.

Ta tattara kuɗin ta jera a cikin lalita, suka shige har da sauran wuri. Ta ɗauki allura ta ɗaga ta wajen haske, ta gwada zura zare sau biyu bai shiga ba. Sai ta miƙo masa. Ya karɓa, ya lashi bakin zaren, ya matso da allurar kusa da ido. Sai a karo na huɗu zaren ya shiga.